Bindigar da Ta Hau Jirgi

Akwati ɗaya na baƙar roba mai tauri, da kwaɗo biyu. Bindigar farauta mai baki ɗaya, babu harsashi a cikinta. Harsashi ashirin da biyar a kwalinsu, cikin wata jaka dabam. Lasisin bana. Takardar izinin 'yan sanda. Takardar kamfanin jirgi, da sa hannun wanda ya karɓa a Accra da na wanda ya miƙa a Tamale.

Issahaku ya ninke takardar ya mayar aljihu. Motar hayar ta wuce Bimbilla ta miƙa hanyar Yendi, doya a sama, doya a ƙarƙashin kujeru, ruwan sama na bin gilashi. Karo na uku ke nan da ya karanta jerin. Komai na ciki yana nan, in ban da bindigar.

Shekara ashirin da shida ya yi yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu harbin giwa da ɓauna, kafin ya koma Salaga ya zauna. Tun daga nan in saniya ta ɓata ko an fasa shago, shi ake kira. Ba a taɓa kiransa ya bi sawun abin da ya zo ta sama ba.

Jiya Litinin abin ya faru. Marigayi Alhaji Ayyub shi ne babban maharban unguwa, kuma ranar Juma'a za a yi masa addu'ar arba'in. Al'adar maharban wurin ce a shimfiɗa bindigar mamaci a tabarma ranar addu'a, kowa ya gan ta. Ita kuwa bindigar tana Tema wurin ɗansa Abdul-Wahab, injiniya a tashar jiragen ruwa, wanda ya ɗauke ta shekara shida da suka wuce da ganin tsohon ya ragu, ya mayar da ita sunansa. Ya hau jirgi da ita zuwa Tamale, ya ɗauki shatar mota, suka bi ta Yendi don su ɗauki yayarsa Ubaida, wadda ta sauko daga Bawku, garin da ake fama da rikici, ta kwana gidan goggonsu. Da la'asar sakaliya suka iso Salaga. A zaure, gaban Baba Mahamudu ƙanen marigayi da dattawa biyar, ya buɗe kwaɗo biyu ya ɗaga murfi. Guntun ƙarfen sifirin na mota ne a ciki, naɗe da tsumma.

Ko ruwa bai sha ba ya tafi ofishin 'yan sanda. Jami'in ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya yaba da tsarinsu, sannan ya ce, "Juma'a da azahar. In babu bindiga, a nan za ka kwana. Sunanka ne a kan lambarta. In ta yi magana a Bawku, muryarka ce."

Kafin magariba gari ya gama shari'a. Wasu suka ce ma'aikatan jirgi ne. Wasu suka ce direban ne. Masu shayi suka ce mutumin da ya iya sa bindiga a jirgin sama ai ba yau ya fara ba. Mafi yawa dai sun nuna arewa da baki, domin mijin Ubaida, Hakim, dillalin shanu ne a Bawku, kuma an kora masa shanu goma sha ɗaya da bazara.

Tun kafin ya bar Salaga, Issahaku ya fara da mai bindigar.

"A Tamale ka buɗe akwatin?"

"Na buɗe, Baba. Gaban jami'in tsaro, a ɗakinsu. Ya karanta lamba, na sa hannu, na rufe da kaina."

"To jirgi ya fita daga zargi. Makulli fa?"

"Yana cikin ƙaramar jakata. Bai fita ba sai nan zaure."

Issahaku ya duba kwaɗon. Ba a taɓa su da ƙusa ko guduma ba. Sai ya ga gurbi biyu ne kawai a soson akwatin.

"Bindigar Alhaji uku take rabuwa. Ina na ukun?"

Abdul-Wahab ya shiga ɗaki ya fito da guntun katako mai tsawon kamu ɗaya, wanda ke riƙe bakin bindiga da gindinta. Bai shiga akwatin ba, don haka ya cusa shi cikin kayan sawa. Issahaku ya juya shi a hannu. In babu shi, bindigar sanda biyu ce kawai.

"Ba ni wannan. Da tsumman."

Direban, Razak, yana zaune kan bonet ɗin motarsa, yara na leƙensa kamar kura a keji.

"Baba, ƙarfen nawa ne, ba zan yi gardama ba. Tun watan jiya yake cikin but ɗin motar. Amma wallahi ko sandar polis tsoronta nake ji, balle bindiga."

"Ina da ina kuka tsaya?"

"Yendi kawai. Na shigar da mota cikin gidan Goggo, na rufe ƙofar gida. Muka tafi azahar."

"Wa kuka bari?"

"Babu kowa. Mu duka muka tafi."

"Ku duka su wa?"

"Ni da Masa Abdul-Wahab mana."

Issahaku ya dube shi, bai ƙara tambaya ba. Mai mota ba ya sata ya bar ƙarfen motarsa a madadi, sai in ya haukace, Razak kuwa wawa ne kawai irin na kowa.

A Yendi ya nufi maƙera kai tsaye. Duk wanda ya ɗauki bindigar zai gane ba ta haɗuwa, kuma mutum uku ne a garin da za su iya sassaƙa mata katako su ƙera mata maƙale. Biyu suka rantse ba su ga kowa ba. Na ukun, Awudu, tsoho ne da ya san Issahaku tun zamanin gandun daji, lokacin da ɗaya ke gyaran bindigogi ɗaya ke ƙwace su.

"Antire," in ji Issahaku, yana gaishe shi da yaren garin.

"Naa. Kai har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka riga ni, ka share mini wuri."

Ya nuna masa katakon. Awudu ya shafa shi da babban yatsa.

"Na Ayyub ne. Ni na sa masa wannan ƙusar. Babu wanda ya kawo mini sauran. In an kawo wa wani a Gushegu ma, zan ji kafin kasuwa ta ci. Je ka Bawku. Can kowane ƙarfe da kasuwarsa."

Gidan Goggo Asiatu yana bayan tsohuwar kasuwa. Ruwa ya wanke tsakar gida, babu sawun da ya rage, sai gurbin taya huɗu kusa da ƙofar ɗakin girki. Tsohuwar tana zaune a ɗakinta kan wata naɗaɗɗiyar tabarma, alhali ga kujera ga gado. Ta sa aka kawo masa kwanon wasawasa ya ci. Ta yi masa maganar ciwon gwiwarta, da tsadar gawayi, da halin marigayi ɗan'uwanta. Da ya tambayi wanda ya shigo gidan jiya da azahar, ta ce, "Kaji." Da zai tafi ba ta tashi rakiya ba. Ta ce gwiwa ce.

Laraba ya hau motar Bawku. Shinge bakwai ya ƙirga daga Nakpanduri zuwa gari. A kowanne ana sauke kowa, a zazzage jaka. A na biyar wani soja ya ɗaga katakon ya ce mene ne. Issahaku ya ce ƙotar wuƙa ce da bai gama sassaƙawa ba. Sojan ya jefa masa. A garin ba a yarda kowa ya riƙe makami ba, ko da lasisi, kuma wanda aka kama da shi ba kullum ne yake isa kotu ba.

Ya sami Hakim a kara, tsakanin bijimai. Ƙato ne mai dariya da ƙarfi, ya rungume shi ya ja shi gida. A tsakar gidan akwai ƙwarya wajen ashirin a jere ƙarƙashin rumfa, an rufe su da ganye.

"Sana'ar uwargida," in ji Hakim. "Man kaɗanya. Har Bolga ake zuwa saye."

Issahaku bai yi kwana-kwana ba. "A Salaga an ce kai ne."

Hakim ya yi dariya har ya tafa cinya. "Baba, mutum yana satar abin da aka riga aka ba shi? Ranar Juma'a bayan addu'a Wahabu zai miƙa mini ita. Aro ne, har damina ta wuce. Ya ce zai rubuto mini takarda. Ni da ke jiran Juma'a kamar mai jiran sallah?"

"Ta shingen nan bakwai za ka wuce da ita?"

"Motar shanu ba a zazzage ta."

"Ubaida ta sani?"

Dariyar ta ragu. "Ta sani. Sati guda ba ta ci abinci da ni ba. Mata ai ba su san ciwon a kora maka shanu kana kallo ba."

Aka shimfiɗa masa tabarma ya yi la'asar. Da ya idar ya jawo jakarsa, sai ya ga baƙin layi ya taso daga gindin rumfa, ya hau jakar, ya shige ta bakin zif. Kiyashi ne. Ya buɗe. Ba su kula guntun burodinsa ba, ba su kula goro ba. Tsumman suka rufe. Ya kaɗe su, ya kai tsumman hanci. A Salaga ƙamshin sabuwar robar akwati ya danne shi. Yanzu da ya kwana biyu a zafin jaka, ya fito sarai.

Ya daɗe zaune yana kallon ƙwaryoyin. Sannan ya ce wa Hakim, "Gobe da wace mota za ka Salaga? Ka rage mini hanya."

Alhamis bayan la'asar suka taru a zauren marigayi. Baba Mahamudu a kan buzu. Abdul-Wahab, wanda bai yi aski ba tun Litinin. Razak a bakin ƙofa, inda zai fi saurin gudu. Hakim ya cika kusurwa guda. Issahaku ya ce a kira Ubaida ta kawo ruwa, da ta kawo ya ce ta zauna. A waje unguwa ta cika, har da masu leƙe ta taga.

Ya ajiye ƙarfen sifirin a tsakiya, ya shimfiɗa tsumman kusa da shi.

"Wahabu, da me kake shafa bindigarka?"

"Da man bindiga, na gwangwani. A Tema nake saye."

"Razak, kai fa, ƙarfen motarka?"

"Baƙin mai, Baba, in ya samu."

"Baba Mahamudu, shinshina wannan."

Tsohon ya kai tsumman hanci. "Man kaɗe," ya ce. "Haka hannun Yaya Ayyub yake ƙamshi kowace Juma'a."

"Ɓarawo yana sauri," in ji Issahaku. "Yana da rabin awa, tsakanin alwala da sallama. Wannan ya buɗe kwaɗo biyu, ya fitar da bindiga, sannan ya tsaya ya shafe ta da mai daga baki har gindi, don damina ce, kuma ajiye ta zai yi, ba harbi ba. Da ya gama ya naɗe ƙarfen Razak da tsumman da ke hannunsa don kada ya yi ƙara. Na bi maƙera uku a Yendi, babu wanda aka kai wa ita. Wanda ya ɗauke ta bai damu ba ko tana haɗuwa. Ya damu kada ta yi tsatsa. Mutum nawa Alhaji ya koya wa haka?"

Issahaku ya juya ga Abdul-Wahab.

"Wahabu, ka ce makulli bai fita jakarka ba. Jakar fa? Da ita ka shiga masallaci?"

"A'a. Na bar wa Yaya ta riƙe mini." Sai ya tsaya. Ya juya a hankali ya dubi Ubaida.

"Razak ya ce mini babu kowa a gidan," in ji Issahaku. "Bai yi ƙarya ba. Mata biyu ne, bai ƙirga su ba. Kai ma ba ka ƙirga ba."

Ubaida ta gyara mayafinta. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Tun ina shekara bakwai nake shafa mata mai," ta ce. "Kafin a haife ka, Wahabu. Tana gidan Goggo, cikin tabarma. Ko ƙwarzane babu."

Hakim ya miƙe. Baba Mahamudu ya ɗaga hannu ɗaya, ya koma ya zauna.

"Yaya," in ji Abdul-Wahab, "gobe da azahar za a rufe ni. Kin sani. Kwana uku kina ba ni tuwo kina kallona."

"Wa ya aike ka wurin polis? A gidan nan in abu ya ɓata, Baba Mahamudu ake gaya wa. Da an yi addu'a, kowa ya koma inda ya fito, sai a gan ta. Kai ka ruga da takardunka."

"Doka ce ta ce in kai rahoto."

"Dokar ce ta ce ka ba Hakim?"

Baba Mahamudu ya dubi Abdul-Wahab. "Wace magana ce wannan?"

"Aro ne, Baba. Shanunsa ake kora. Zan rubuta masa..."

"Za ka rubuta masa," in ji Ubaida. "Sau uku na kira ka a waya na roƙe ka. Ka ce mini komai da tsari, kai da ka hau jirgi da ita ba wanda ya tare ka. To takardarka ta hau da ita sama, ta sauko da ita Tamale. Wace takarda ce za ta dawo mini da miji? Maƙwabcinmu Kamaldeen ma shanu yake tsaro. Bindigarsa aka gani a ƙarƙashin kujerar mota a shinge, bai dawo gida da rai ba. Ni na wanke matarsa ranar da ta fita takaba." Ta juya ga mijinta. "Kai kuma, sha ɗaya aka kora. Saura arba'in da biyu, da kai, da yara huɗu. Na ƙirga."

"Da kin bari an rufe ni ke nan?"

"Da na bari. Kwana biyu a sel ba mutuwa ba ce. Ranar Asabar Hakim zai hau mota, ranar Lahadi in kai ka inda take."

Razak ya saki wata ajiyar zuciya da kowa ya ji.

Abdul-Wahab ya juya ga Issahaku. "Baba, ka je gidan Goggo ranar Talata. Ka gan ta zaune a kan tabarmar. Jiya ka gane. Yau kun wuce ta Yendi. Me ya hana ka ɗauko ta?"

"Da wace takarda? Kai kaɗai ne a ƙasar nan doka ta yarda ka ɗauke ta. Ba ni ba, ba Ubaida ba." Ya dubi kusurwa. "Ba Hakim ba. Kai kuwa Wahabu, da ka iya karatu, wannan layin ne ka tsallake."

Hakim ya kalli matarsa, ya kalli ƙasa.

"Razak," in ji Issahaku, "motarka na da mai? In kun fita kai da Wahabu da asuba, kun dawo kafin ƙarfe goma. A shimfiɗa ta a tabarma, a yi wa Alhaji addu'a. Da azahar Wahabu ya kai ta ofis a karanta lamba."

"In jami'in ya ce wa ya ɗauka fa?" in ji Baba Mahamudu.

"A gaya masa inda aka same ta, gidan goggon mai ita. In ya tambaye ni suna, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma bindiga aka ce in nemo."

Ya zaro guntun katakon daga aljihu ya miƙa wa Abdul-Wahab. Shi kuwa ya karɓa ya riƙe shi, yana kallon ƙusar da maƙerin Yendi ya sa wa ubansa. A waje hayaniya ta ƙaru. Wani ya turo kai ta ƙofa yana tambaya ko an kama ɓarawon, wani daga baya yana cewa a fito da ɗan Bawkun.

Abdul-Wahab ya tashi. Ya ce wa mai leƙen an ga bindiga, kowa ya zo addu'a gobe. Ya tura ƙyauren ya rufe, ya sa sakata, ya jingina bayansa da shi.

"Hakim, ka yi haƙuri, na janye," ya ce. "Ranar Asabar za ta koma Tema yadda ta zo, da kwaɗo biyu. Makullin kuma a wuyana."